Sharhi: Waya ɗaya, mutum goma: yadda rabon intanet ya zama hanyar kiran gida a Maraɗi

A birnin Maraɗi da garuruwan da ke kewaye da shi, irin su Tsibirin Gobir da Jiratawa, ba duk mai kira ta WhatsApp ne ya sayi data da kuɗinsa ba. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke sayen forfe, ya kunna wifi ɗin wayarsa, sauran 'yan fada ko mutanen gida su jona. 'Yan Najeriya suna ce wa wannan hosfot, a Nijar kuma an fi cewa fartaj, daga kalmar Faransanci mai nufin rabo. Tun da Starlink ya shigo ƙasar a hukumance a watan Maris na 2025, rabon ya wuce na zumunci kaɗai, ya zama sana'a: wuraren da ake kira wifi zon sun yawaita, ana sayar da tikiti kamar yadda ake sayar da ruwan sanyi.

Ta wannan hanya ce uwa a Tsibiri take jin muryar ɗanta da ke Sabha ko Tamanrasset, ɗan kasuwa a Maraɗi yake jin farashin kaya daga Kano da Kwatano, ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo yake karɓar darasin da aka tura a zauren ajinsu. Sai dai farashin kamfanoni da dokokin hukuma an gina su ne a kan tunanin mutum ɗaya, layi ɗaya. Tsakanin yadda aka tsara abin a takarda da yadda ake amfani da shi a unguwa akwai giɓi, kuma wanda ya fi kowa shan wahalar giɓin shi ne mai raba wa jama'a.

Me ya sa kira ya koma intanet?

Dalili na farko kuɗi ne. Kiran waya na yau da kullum daga Libiya ko Aljeriya ko Saudiyya zuwa lambar Nijar ana biyansa ne da minti, kuma yana bi ta hannun kamfanoni fiye da ɗaya kafin ya iso, kowa da kasonsa. Ita ma gwamnati tana da nata kason: akwai harajin da ake ɗora wa kiran da ke shigowa daga ƙasashen waje, wanda aka soke a kasafin kuɗin 2018, aka dawo da shi a na 2019 saboda asarar da baitulmali ya yi. Kiran WhatsApp bai san da wannan lissafi ba. Murya tana tafiya ne a matsayin data, kuma minti ɗaya na kiran murya ba ya cin megabait ɗaya cikakke. Wato da mega 100 mutum zai iya yin hira ta fiye da awa ɗaya da rabi, ko ɗan'uwan nasa yana Katsina ko yana Marseille.

WhatsApp ya fara kiran murya a 2015, ya ƙara na bidiyo a ƙarshen 2016. A daidai wannan tsakanin ne wayoyin Tecno da Itel da Infinix, waɗanda duk na kamfanin Transsion na China ne, suka cika kasuwanninmu da farashin da ɗan ci-rani zai iya sayo wa gida tsaraba. Saƙon murya kuma ya kawar da shingen karatu. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san ta danna alamar makirfo ta yi magana.

Dalili na biyu shi ne yawan waɗanda ke nesa da gida. Jihar Maraɗi na daga cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a Nijar, gonaki sun yi kaɗan, kuma tafiya ci-rani bayan girbi tsohuwar al'ada ce. A da wasiƙa ake ba direba, daga baya aka koma kaset, sannan aka zo zamanin tsayawa layi a rumfar tarho. An ce zumunci a ƙafa yake. Yau mafi yawansa a waya yake, kuma kuɗin da ake turowa ta Nita ko Amana ko Al Izza kusan kullum kira ne ke gabatarsa, kira ne ke tabbatar da ya iso.

Amma intanet ɗin bai kai ga kowa ba. Ƙididdigar ƙasa da ƙasa ta sanya masu amfani da shi a Nijar ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a, alkaluman hukumomin cikin gida kuma sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Ko wanne aka ɗauka, mafi yawan 'yan ƙasa ba su da nasu. Mafi ƙarancin albashi a hukumance sefa 42,000 ne tun farkon 2024, kuma akasarin matasan da ke tuƙa kabu-kabu ko tura kura ba su ma cikin wannan tsari. Wanda abin da yake samu a yini bai wuce na cefane ba, ba zai sayi forfen wata ba. Zai nemi wanda ya saya.

Katsina na kusa, kiranta na da tsada

Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar kimanin kilomita 90 ce ta Ɗan Isa da Jibiya. Zuwa Yamai kuwa ta haura kilomita 600. Aure da kasuwanci da karatun allo duk sun fi karkata kudu. Duk da haka, a lissafin kamfanonin waya, kiran ƙanwarka da ke aure a Jibiya kiran ƙasar waje ne, daga +227 zuwa +234.

A watan Nuwamban 2024 hukumomin sadarwa na Nijar da Mali da Burkina Faso suka sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar cire ƙarin kuɗin da ake caza idan mutum ya tsallaka da layinsa zuwa ɗaya daga cikin ƙasashen uku na ƙawancen AES. Wannan ya amfani mai zuwa Gao ko Wagadugu. Bamaraɗe kuwa, wanda tafiyarsa ta Kano da Katsina da Legas ce, bai ga canji ba, musamman da yake Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a ranar 29 ga watan Janairun 2025, kuma tsarin rage kuɗin kira na wannan ƙungiya ne da zai iya haɗa ta da Najeriya. A can Najeriyar ma, hukumar NCC ta amince a watan Janairun 2025 kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100.

Saboda haka 'yan kasuwar kan iyaka suka daɗe da riƙe waya mai layi biyu, ɗaya na Nijar ɗaya na Najeriya. Sauran jama'a kuma sun gano cewa a intanet babu Ɗan Isa, babu jami'in kwastan. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023, har zuwa buɗe ta a watan Maris na 2024, iyalai da yawa da ke ɓangarorin biyu ta kiran bidiyo suka yi ta'aziyya da barka da suna.

Yadda abin yake aiki, da inda data ke zurarewa

Idan aka kunna fartaj, wayar tana yin aiki biyu a lokaci guda: tana karɓo intanet daga eriyar Airtel ko Moov Africa ko Zamani Telecom ko Niger Telecoms, sannan tana watsa shi ta wifi ga wayoyin da ke kusa, cikin tazarar da ba ta wuce tsakar gida ko inuwar fada ba. Ƙarfin da ke shigowa bai ƙaru ba, raba shi ake yi. Idan mutum biyar suka jona, ɗaya ya buɗe TikTok, muryar mai kiran Tripoli za ta fara yankewa.

A nan ne rigimar da aka saba ji take tasowa. Mai waya ya sayi giga ɗaya da safe, kafin la'asar ta ƙare, ƙaninsa kuma yana rantsuwa: "Wallahi Yaya, gaisawa kawai na yi da Inna." Sau da yawa gaskiya yake faɗa. Wayar Android a wasu lokuta takan ɗauki wifi a matsayin intanet mara iyaka. Da zarar ta jona, sai ta fara ayyukan da ta jinkirta: sabunta manhajoji, tura hotuna zuwa ma'ajiyar Google, sauke duk bidiyon da aka turo a zaurukan WhatsApp tun makon jiya. Mai wayar bai taɓa komai ba, amma ɗaruruwan mega sun tafi.

Maganin yana cikin saitin wayar. Wanda ya jona zai iya shiga bayanan wifi ɗin ya nuna wa wayarsa cewa wannan intanet mai awo ne, ya kuma hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa. A cikin WhatsApp akwai wurin rage datar da kira ke ci. Mai rabawa kuma, a yawancin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung, zai iya ƙayyade yawan wayoyin da za su jona, ya ga sunayensu, ya cire wanda bai sani ba. Kalmar sirri ba ta yin ƙasa da harafi takwas, kuma 12345678 ita ce ta farko da yaran unguwa ke gwadawa. Kiran bidiyo yana cin ninkin na murya sau da yawa, don haka idan magana ce ta kuɗin taki ko maganin mara lafiya, murya ta wadatar.

Akwai kuma tsadar da ba a gani nan take, wato batir. Wayar da ke rabo tana zafi, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, barin ta a caji tana rabo a cikin rana na saurin kashe batir ko kumbura shi. Mai rabo ne zai je wurin mai gyara, waɗanda suka jona ba ruwansu.

Ya kamata a bambance abu biyu da ake yawan haɗawa. Kira ta WhatsApp ko IMO ko Messenger yana buƙatar ɓangarorin biyu su kasance da manhajar da kuma intanet. Akwai kuma wani tsari na daban da ke cikin wayoyin zamani, inda layinka na yau da kullum ke bi ta wifi ya kira kowace lamba, ko da ta ƙaramar waya mai maɓalli ce, a wurin da rezo ba ya kaiwa. Wannan na biyun ba ya aiki sai kamfanin da ya ba ka layi ya buɗe shi, kuma kuɗinsa na kira ne kamar kullum. Wasu 'yan ci-rani da ke Turai da Amurka suna dawowa hutu da layukan da ke da wannan tsari, suna amsa kiran wurin aikinsu ta wifi ɗin gida. Kafin a dogara da shi, gara a tambayi kamfanin yadda yake caza idan mutum yana wata ƙasa.

Na farkon ma ba ko'ina yake tafiya daidai ba. Hadaddiyar Daular Larabawa ta toshe kiran WhatsApp, shi ya sa waɗanda ke Dubai suke cewa a sauke Botim. Saudiyya ta sassauta takunkumin kira ta intanet a watan Satumban 2017, amma masu aiki a Makka da Jidda da yawa sun riga sun saba da IMO. Don haka wayar gida ɗaya takan ɗauki manhaja uku, kowane ɗa da tasa.

Starlink da sana'ar tikiti

Starlink, na kamfanin SpaceX mallakar Elon Musk, ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Tun kafin Nijar ta ba shi izini, na'urorinsa sun riƙa shigowa ta ɓarauniyar hanya daga kudu, kuma Maraɗi na kan wannan hanya. Gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rattaba hannu da kamfanin a ƙarshen watan Oktoban 2024, a lokacin Sidi Mohamed Raliou yana ministan sadarwa, aka ƙaddamar da aikin a watan Maris na 2025. Farashin da aka sanar a lokacin ya kai kusan jaka 25 a wata, wato sefa 25,000, na'urar kuma ta haura jaka 200.

Ga gida ɗaya wannan ya fi rabin mafi ƙarancin albashi. Ga mutum hamsin kuwa ba komai ba ne. Lissafin da matasa suka yi ke nan. A ɗora farantin a kan rufi, a haɗa shi da akwatin da ke raba wifi da fitar da tikiti, a rubuta farashi a allo. A ɗauka misali ana sayar da tikiti dala ashirin, wato sefa 100: idan mutum talatin suka saya a yini, an tashi da jaka uku, cikin kwana tara an biya kuɗin wata. Sauran ya tafi ga wuta da haya da mayar da jari. Ga mai saye kuma, dala ashirin ɗin ta ba shi awanni yana kallo da kira ba tare da tsoron mega za ta ƙare ba.

Amfanin ya fi fitowa fili idan aka fita daga tsakiyar birni. Tsibiri, fadar Sarkin Gobir, ba ta fi tafiyar mintuna kaɗan daga Maraɗi ba, Jiratawa ma haka, amma da an shiga ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa sai rezo ya fara rawa. Manomin rani a fadamar Jiratawa da ke son jin farashin tumatir ko zogale kafin ya ɗauki hayar mota, ko ɗan gudun hijirar Zamfara da Sokoto da ke zaune a yankin Gidan Rumji tun 2019 yana neman labarin waɗanda ya baro, farantin da ke kallon sama bai damu da nisansu da eriya ba. Rauninsa biyu ne: ruwan sama mai ƙarfi yana katse shi, kuma ba ya aiki sai da wuta.

Maganar wuta ba ƙarama ba ce. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar. Maraɗi da Damagaram suna samun kaso mai yawa na wutarsu ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Da Najeriya ta yanke wutar a farkon watan Agustan 2023, a lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga can take zuwa, masu cajin waya da janareto da farantan sola ne suka riƙe sadarwar gari. Duk mai wifi zon da ya yi lissafi babu sola da batura, lissafin rabi ya yi.

Kamfanonin waya suna kallon wannan sana'a a matsayin kishiya. Su ne suka biya biliyoyin sefa na lasisi, suka kafa eriya, suke sayen gazuwal, suke biyan haraji. Ƙorafinsu yana da tushe. Sai dai jama'a ma suna da nasu: a watan Yulin 2023 hukumar ARCEP mai kula da sadarwa ta ci kamfanonin huɗu tarar da ta haura biliyan 4 na sefa saboda rashin ingancin aiki. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya sayi forfe ya ƙare bai iya buɗe hoto ɗaya ba, ba sai an yi masa talla ba kafin ya nufi wifi zon.

Wa zai amsa idan an yi laifi?

A idon kamfani da na mai bincike, duk abin da ya fita ta wayar da ke rabo, daga layin mai wayar ya fita. Layin da sunansa aka yi rajista, da katinsa na ɗan ƙasa. Idan wani ya jona ya yi damfara ko ya tura saƙon barazana, ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa ta mai layin ce. Daga baya yana iya wanke kansa, amma bayan ya kwana nawa a ofishin 'yan sanda?

Wannan ya ƙara nauyi tun watan Yunin 2024, lokacin da aka yi wa dokar laifukan intanet ta 2019 gyara, aka dawo da hukuncin ɗauri da aka cire a 2022: shekara ɗaya zuwa uku kan ɓata suna ko zagi ta intanet, biyu zuwa biyar kan yaɗa abin da aka ɗauka zai iya tayar da hankalin jama'a. Ƙungiyoyin kare haƙƙin 'yan jarida sun soki gyaran. Ko da wane ra'ayi mutum yake da shi a kai, dokar tana aiki, kuma mai wifi zon da mutum ɗari ke ratsawa ta na'urarsa a yini ya fi kowa kusa da ita.

Sayar da intanet ga jama'a, a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2018, aiki ne da ke buƙatar sanin hukuma, kuma a 2025 ARCEP ta yi kira ga masu wifi zon su daidaita matsayinsu. Shi ma Starlink, a sharuɗɗansa, bai yarda a sake sayar da intanet ɗin da aka saya don amfanin gida ba sai da izininsa. Wato saurayin da ya sayar da babur ɗinsa ko ya karɓi kuɗi daga yayansa da ke Libiya ya zuba a wannan sana'a, jarinsa na iya tsayawa da takarda ɗaya daga Yamai ko saƙo ɗaya daga Amurka.

Damuwar hukuma game da tsaro ita ma ba ƙirƙira ba ce. Yankunan Madarunfa da Gidan Rumji sun sha fama da masu satar mutane da shanu da ke tsallakowa daga dazukan kan iyaka, kuma an sha kama na'urorin Starlink a hannun masu ɗauke da makamai a yankin Sahel. Tambayar ita ce wace hanya ce ke kama mai laifi ba tare da ta kashe muryar kowa ba.

Abin da 2021 ta koyar

Shekarar 2021 ta ba da amsa daga ɓangarorin iyaka biyu. A Nijar, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an rufe intanet na wayar hannu daga 24 ga watan Fabrairu zuwa 5 ga watan Maris. Kwana goma 'yan kasuwa suna komawa kira mai tsada, 'yan ci-rani suna buga lambobin gida babu amsa a WhatsApp. A watan Satumba kuma Najeriya ta rufe sadarwa baki ɗaya a Zamfara, da ƙananan hukumomi 13 na Katsina har da Jibiya, da wasu 14 a Sokoto, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Mutanen garuruwan kan iyaka sun koma neman layukan Nijar, 'yan bindigar ma haka. Kafin shekarar ta ƙare aka fara buɗewa, kuma satar mutane ba ta tsaya ba.

A ranar 14 ga watan Maris na 2024 kuma, wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Côte d'Ivoire, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga matsala. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinta na ƙasa ta maƙwabta yake ratsowa. Duk wata hanya ta daban da jama'a suka samu, ko ta sama ce ko ta maƙwabci, kariya ce ranar da babbar hanya ta toshe.

Sai dai akwai abin da wifi ba ya yi. WhatsApp ba ya kiran 17 na 'yan sanda ko 18 na 'yan kwana-kwana. Lambar sirrin da banki ko kamfanin tura kuɗi ke aikowa ta gajeren saƙo sai layi yana da rezo take shigowa. Wanda ya ga ambaliyar da ta afka wa Maraɗi a ƙarshen watan Agustan 2024 ya san akwai daren da wuta ke ɗaukewa, akwatin wifi ya mutu, abin da ya rage shi ne ƙaramar waya da kiredin dala arba'in. Kada arahar kiran intanet ta sa gida ya zauna babu layi ɗaya mai rai.

Wanda ke riƙe da kalmar sirri

Rabo yana zuwa da iko. A gidaje da yawa wayar zamani a hannun maigida take ko babban ɗa. Matar da mijinta ke ci-rani, idan ba ta da tata wayar, a wayar ƙanin miji za ta ji saƙonsa, wani lokaci a gabansa. Idan tana da waya amma ba ta da data, sai lokacin da mai fartaj ya dawo gida. Wifi zon kuma galibi a bakin titi yake ko kusa da fada, wurin da matar aure ko budurwa ba za ta je ta zauna da dare ba. Ga 'yan'uwa da ke waje, a nan ne ƙaramin kuɗi ke yin babban aiki: waya mai sauƙi da forfen wata da sunan Inna ko uwargida sun fi tsadadden agogo amfani.

Game da sirri, gaskiyar tana tsakiya. Tun watan Afrilun 2016 saƙonni da kiran WhatsApp a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, don haka mai wifi ba ya jin hirarka, ba ya karanta saƙonka. Amma yana iya ganin wayarka ta jona, da tsawon lokacin da ta yi, da yawan datar da ta ci, mai ilimin na'ura kuma zai iya gane shafukan da ka ziyarta. Haɗarin da ya fi yawa ma bai kai nan ba: miƙa wa wani wayarka a buɗe don ya saka maka tikiti, ko faɗa wa baƙo lamba shida da WhatsApp ya turo maka. Da wannan lambar ake sace asusu, a shiga zauren dangi da sunanka a ce an kwantar da kai asibiti a turo kuɗi.

Mafita

Abin da ya fi dacewa da ARCEP shi ne ta ɗauki masu wifi zon a matsayin ƙananan 'yan kasuwa, ta yi musu rajista mai sauƙi da kuɗin da bai fi ƙarfinsu ba, wadda za a iya kammalawa a Maraɗi ba sai an je Yamai ba, a kuma bayyana sharuɗɗan da Hausa a gidajen rediyo. Rajistar da ta yi tsada ko tsawo ba ta rufe sana'a, tura ta take yi bayan katanga, inda hukuma ba za ta san ko na'ura nawa ce ke gari ba. Wanda aka san sunansa da wurinsa shi ne zai fi ba jami'an tsaro haɗin kai.

Kamfanonin waya kuma suna da darasi a allon da aka rubuta dala ashirin. Jama'a sun nuna abin da suke so: farashi ƙarami, lokaci mai tsawo, babu fargabar ƙarewa. Forfen iyali da za a raba wa lambobi huɗu ko biyar a hukumance, da sayar wa masu wifi zon intanet a farashin sari, za su mayar da kishiya abokin ciniki. Hukumomin sadarwar Nijar da Najeriya ma ba sa buƙatar jiran sulhun AES da ECOWAS kafin su zauna kan kuɗin kira tsakanin ƙasashen biyu. Ana shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi tun 2021. Rage kuɗin kiran Katsina ya fi wannan sauƙi.

Masu wifi zon su ma da sauran aiki a gabansu. Haɗuwa cikin ƙungiya zai ba su bakin magana da hukuma, kuma ajiye littafin tikiti da rasiɗin sayen na'ura zai kare su ranar tambaya. Mai fartaj na fada kuwa, ya canza kalmar sirri lokaci zuwa lokaci, ya san wanda ya jona, kuma kada ya ji kunyar cewa a haɗa kuɗi. Ana haɗa kuɗin shayi da sukari ba wanda ya ce an yi rowa. Data ma haka take.